Laurens Hammond: Maƙerin Agogon Da Ya Ƙi Jin Gyara Kayanka

A wannan zamani da wuya a yi bikin aure ko na suna a ƙasar Hausa ba a ji sautin fiyano ba, walau makaɗin ne ya zo da kansa, ko kuwa waƙar da aka buga da shi ce ake sakawa a lasifika. Haka abin yake tun daga Ɗan Gulbi ta ƙasar Dakoro, a bi ta Maraɗi da Katsina har a dangana da Kano. Idan mai karatu ya lura da kyau, zai ga fiyanon ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai batir ko faifan sola da ke ba shi wuta, akwai akwatin sifika da kafinta ya haɗa, akwai ƙafar ƙarfe da mai walda ya yi masa, sannan a cikinsa an ɗora sautin kalangu ko na sarewa. Duk waɗannan ba da su ya baro kamfani ba, masu saye ne da masu gyara suka ƙara masa don ya dace da buƙatarsu.

A filinmu na yau mun kawo muku tarihin ɗaya daga cikin mutanen da suka fara shigar da lantarki cikin irin wannan abin kiɗa, wato Ba'amurke Laurens Hammond. Mutum ne mai basira da sanin kasuwa, amma ya shafe shekaru yana yaƙi da wani mai gyaran rediyo da ya ƙara wa hajarsa armashi. Mun zaɓo shi ne domin labarin nasa na 'yan kasuwa ne kafin ya zama na makaɗa.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Laurens Hammond ranar 11 ga Janairu, 1895, a garin Evanston da ke kusa da birnin Shikago a Amurka. Mahaifinsa babban ma'aikacin banki ne, amma ya mutu a 1897 a daidai lokacin da harkar bankinsa ta shiga rikici, ya bar yaron yana ɗan shekara biyu. Mahaifiyarsa, wadda mai zane ce, sai ta kwashi 'ya'yanta ta yi Turai da su, inda suka zauna a Faransa da Jamus. Ko da suka koma gida a 1909, yaron yana da shekara 14, yana kuma jin Faransanci da Jamusanci kamar harshen uwa.

Tun suna Turai aka ga alamar inda ya dosa. Ya zana tsarin giyar mota mai canza kanta, mahaifiyarsa ta ƙarfafa masa gwiwa ya kai wa injiniyoyin kamfanin Renault, su kuwa suka ƙi karɓa. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin nan gaba shi ma wani zai kawo masa tasa dabarar. A 1912 ya samu takardar mallakar fasaha ta farko, a kan wata na'urar auna nauyin iska mai araha wadda za a iya sayarwa dala ɗaya. Ya kammala karatun injiniya a Jami'ar Cornell a 1916, ya yi aikin soja a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya har ya kai muƙamin kyaftin, bayan yaƙi kuma ya zama babban injiniya a wani kamfanin injinan jiragen ruwa a birnin Detroit.

Daga agogo zuwa kiɗa

A 1920 ya ƙirƙiro agogon da ba ya ƙarar ƙyas-ƙyas, kuma da kuɗin da ya samu ya ajiye aikin albashi ya kama cin gashin kansa a Niyok. A 1922 ya fito da wata dabarar kallon fim wadda ke sa mutum ya ga kamar 'yan wasan za su fito daga allo. An nuna ta a gidan kallo ɗaya, jama'a sun yaba, amma tsadar kafa na'urar leƙawa a kowace kujera ta kashe kasuwarta.

Abin da ya ɗaga shi wani ɗan inji ne mai juyawa wanda ke bin bugun wutar lantarki sau da ƙafa, ba ya sauri ba ya nawa. Da shi ya yi agogon lantarki, ya kafa kamfanin agogo na Hammond a 1928 da ma'aikata ƙalilan a saman wani kantin kayan masarufi. Kasuwa ta buɗe, sai ga karayar tattalin arzikin da ta soma a 1929 ta rutsa da kowa. Kamfanonin agogo suka yi ta durƙushewa, farashi ya faɗi warwas. Don kada ya rufe shago, a 1932 ya fito da teburin da ke raba wa 'yan karta katinsu da kansa, ya sayar da dubbai, amma ya san wannan yayi ne, kuma yayi ba ya daɗewa. Dole a samo wa injin agogon nan wani aiki.

A 1933 ya sayi wani tsohon fiyano, ya farke shi ya zubar da komai, ya bar madannan kawai don gwaji. Abin mamaki shi ne Hammond bai iya kiɗa ba. Wani ma'aikacinsa na ɓangaren kuɗi mai suna W. L. Lahey, wanda ke kaɗa ogan a cocinsu, shi ya zama kunnensa, yana gaya masa sautin da ya yi da wanda bai yi ba. Ya nemi takardar mallakar fasahar a Janairun 1934, aka ba shi ranar 24 ga Afrilu na wannan shekara, sannan a Afrilun 1935 aka baje kolin ogan ɗin Hammond na farko a Niyok.

Yadda ogan ɗin yake aiki

Ogan na asali, wanda ake gani a manyan coci-cocin Turawa, tarin bututu ne manya da ƙanana da ake hura wa iska, kamar a ce an jera sarewa ɗaruruwa mutum ɗaya yana busa su da yatsunsa. Gina shi ake yi a jikin ɗaki, kuma kuɗinsa sai masu hali. Na Hammond ba shi da bututu ko ɗaya. A cikinsa akwai 'yan faya-fayan ƙarfe 91, kowanne faɗinsa bai wuce marfin ƙaramin gwangwanin tumatir ba, bakinsa da tudu da kwari. Injin agogon nan ne ke juya su a gaban maganaɗisun da aka naɗe da waya, sai kowane faifai ya haifar da 'yar wuta mai rawa daidai da yawan tudunsa da saurin juyinsa. Wannan 'yar wutar ce ake ƙara wa ƙarfi ta fito ta sifika a matsayin sauti.

A gaban makaɗi akwai jerin madannai biyu, kowanne 61, da wasu na ƙafa, sai kuma 'yan sanduna tara-tara da ake ja ko a tura. Aikinsu kamar na mai haɗa yaji ne: a ƙara citta, a rage barkono, har a samu ɗanɗanon da ake so. Da su makaɗi ke haɗa irin muryar da yake buƙata, mai kauri ko siririya.

Tun da injin agogo ne zuciyarsa, daidaiton sautinsa ya dogara ga wuta. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a sakan, tamu ta Nijar da Nijeriya sau 50. Wanda ya kawo ogan ɗin da aka yi don Amurka ya jona shi a tamu, duk muryoyinsa za su sauka ƙasa sai an sa masa na'urar daidaitawa, in kuma janareto ne mai hawa da sauka, to haka kiɗan zai riƙa hawa da sauka. Bugu da ƙari, yana shan mai lokaci-lokaci kamar keken ɗinki.

An sa masa farashin dala 1,250, kimanin kuɗin sababbin ƙananan motoci biyu a wancan lokaci. Da tsada, amma in aka gwada da mai bututu, kyauta ne. Attajirin motoci Henry Ford yana cikin masu sayen farko, kuma cikin shekara uku coci fiye da 1,750 suka mallake shi.

Shari'a da masu ogan na bututu

Ganin an shigo musu kasuwa, masu ogan na bututu ba su yi shiru ba. A 1936 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta tuhumi kamfanin da zuzuta hajarsa fiye da kima a talla. A 1937 aka shirya gwaji a wani ɗakin ibada na Jami'ar Shikago, aka ajiye Hammond na dala 2,600 kusa da mai bututu na dala 75,000, aka ɓoye wa masu sauraro wanda ake kaɗawa, aka ce su tantance. Sau da dama suka kasa. Duk da haka a 1938 hukumar ta umarci kamfanin ya daina cewa hajarsa daidai take da mai bututu. A takarda ya sha kaye, amma jaridu sun riga sun yayata labarin, ciniki ya ƙaru. Maƙiyansa sun yi masa tallan da bai biya ba.

Mai gyaran rediyo ya zo da akwati

A nan ne labarin ya juya. A birnin Los Anjalis akwai wani matashi mai suna Donald Leslie, haifaffen 1911, wanda ke gyaran rediyo a wani babban kanti da ke sayar da ogan ɗin Hammond. A 1937 ya sayi ɗaya ya kai gida, sai ya ji sautin ya fito a sandare, ba daɗi kamar yadda yake a babban zaure. Da ya zauna ya yi tunani, sai ya gano dalili. A ogan mai bututu, kowace murya daga wurinta take fitowa, wannan daga dama, waccan daga hagu, sautin yana yawo a ɗaki. A na Hammond kuwa duka ta rami ɗaya suke fitowa.

Maganin da ya samo shi ne ya sa sautin ya yi tafiya. Ya haɗa akwatin katako, a sama ya sa ƙaho mai juyawa kamar fanka don siraran muryoyi, a ƙasa ya sa ganga mai juyawa a bakin babbar sifika don masu kauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Maraɗi zuwa Dakoro ya ji yadda ƙarar odar mota take siririya idan tana tahowa, ta kuma yi kauri idan ta wuce, to ya san sirrin akwatin Leslie. Ƙahon yana tahowa yana wucewa, sau kusan 400 a minti ɗaya idan an sake shi, sai sautin ya riƙa karkarwa kamar muryar mawaƙi. A samfuran baya an ƙara masa juyi a hankali na kusan sau 50 a minti, kuma makaɗa sun fi son ɗan lokacin nan da yake tashi daga hankali zuwa sauri.

A 1940 Leslie ya kai wa kamfanin Hammond wannan akwati don su saya ko su yi hulɗa. Hammond bai so shi ba. Shi a ganinsa, ya yi wahala ya samar da sauti mai tsabta wanda ya dace da ɗakin ibada, ga wani ya zo yana girgiza shi. Sannan kamfanin yana da nasa akwatunan sifika da yake sayarwa, kowane Leslie da aka saya ragi ne a cinikinsu. Mutumin da Renault suka mayar da dabararsa yana yaro, yau shi ne ya mayar da ta wani.

Leslie bai karaya ba. A 1941 ya fara ƙera akwatin da kansa yana sayarwa. Kamfanin Hammond ya hana dilolinsa ajiye shi a kantunansu, ya kuma riƙa sauya irin soket ɗin da ke jikin ogan don kada filogin Leslie ya shiga. Duk sauyin da suka yi, ba a jimawa Leslie zai fito da 'yar na'urar haɗi da za ta warware shi. Diloli kuwa, da yake su ne ke fuskantar mai saye ido da ido, da yawansu suka ci gaba da samo wa abokan cinikinsu akwatin ta bayan gida, don sun san wanda ya ji ogan da Leslie ba ya barin kanti hannu rabbana. Leslie bai dogara da talla ba. Makaɗa ne ke kaɗawa a gidajen rediyo, masu sauraro su yi ta tambayar abin da ke ba da wannan sauti.

Wani abin lura shi ne, a 1940 ɗin nan da ya ƙi akwatin Leslie, shi kansa Hammond ya fito da Solovox, wasu 'yan madannan lantarki da ake maƙalawa a ƙasan madannan fiyanon da wasu kamfanoni suka ƙera. Ke nan ya halatta wa kansa ƙari a kan hajar wasu, ya haramta wa wasu ƙari a kan tasa.

Masu saye sun yi yadda suka ga dama

Hammond ya yi ogan ɗinsa ne don coci da falon masu hali, amma da kaya ya bar kanti, ikonsa ya koma hannun wanda ya biya. Coci-cocin baƙar fatar Amurka suka rungume shi suna kaɗa shi da zafi irin nasu. Da samfurin B-3 ya fito a tsakiyar shekarun 1950, wani makaɗi baƙar fata mai suna Jimmy Smith ya haɗa shi da akwatin Leslie ya shigar da shi kiɗan jaz, daga nan ya bazu gidajen rawa, ya shiga kiɗan matasan Ingila, ya kai har rege na Jamaika.

Akwai wata 'yar ƙara, ƙwas, da ke fita duk sanda aka danna madanni. Injiniyoyin Hammond sun ɗauke ta aibi, suka yi ta ƙoƙarin kashe ta, makaɗa kuwa ita suke so don tana ba kiɗa kaifi. Har yau kamfanonin da ke kwaikwayon sautin Hammond a fiyanon zamani da gangan suke saka ta. Haka kuma nauyin B-3 da kujerarsa da madannan ƙafa ya haura kilo 190, don haka masu yawon kiɗa gari-gari suka riƙa sa kafintoci su yanke akwatinsa su sake masa wani mai sauƙin ɗauka. Jon Lord na ƙungiyar Deep Purple ta Ingila ma jona nasa ya yi da amfilifayar jita ta Marshall don ya yi ruri. Wasu ƙananan kamfanoni suka samu abinci wajen ƙera kayan ƙari da ake ɗora wa tsofaffin samfura. Kasuwa guda ta tsiro a gindin hajar mutum ɗaya ba da son ransa ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Hammond bai tsaya a ogan kaɗai ba. A 1939 ya fito da Novachord, mai kwalaben rediyo 163 a cikinsa, wanda ake lissafa shi cikin kakannin fiyanon zamani mai canza murya, ko da yake wanda aka ƙera bai wuce dubu da 'yan kai ba kafin a tsayar a 1942. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa sojan ƙasarsa aikin na'urorin sarrafa makamai. Ya sauka daga shugabancin kamfanin a 1955, ya yi ritaya a 1960 yana da shekara 65. Ya mutu a farkon watan Yulin 1973 a garin Cornwall na jihar Connecticut yana da shekara 78, ya bar takardun mallakar fasaha 110.

Bayan ya bar kujera, abin da ya ƙi ya tabbata. Leslie ya sayar da kamfaninsa ga CBS a 1965. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Hammond da kansa ya fara sa Leslie a cikin wasu samfuransa, a 1980 kuma ya sayi sunan Leslie ɗungurungum, shekara 40 bayan an kawo masa shi har gida. Sai dai lokaci ya riga ya ƙure. An daina ƙera mai faya-fayan ƙarfe a tsakiyar shekarun 1970, kayan Japan marasa nauyi masu araha irin su Yamaha da Casio suka cika kasuwa, kamfanin ya rufe a 1985. Daga baya kamfanin kayan kiɗa na Suzuki da ke Japan, wanda ba shi ne mai babur ba, ya mallaki sunayen biyu, kuma a yau tare ake sayar da Hammond da Leslie. Shi Leslie ya rayu har 2004, ya ga wannan da idonsa.

Abin da ya iso gare mu

Jikokin wannan fasaha ne suka iso ƙasarmu. A Nijar, Mamman Sani ya samu ogan ɗin lantarki ƙirar Orla ta Italiya a shekarun 1970, ya riƙa kaɗa amon gargajiyar ƙasar da shi, ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978. Kiɗansa ya daɗe yana cike gurbi tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, kuma a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin ga duniya. A Kano kuwa, fiyanon Yamaha ne ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa tun ƙarshen shekarun 1990. Waɗanda suka ƙera su a Italiya da Japan ba su yi da mu a zuciya ba, mu ne muka lanƙwasa su.

Hausawa suna cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hammond ya ɗauki gyaran Leslie a matsayin sauke mu raba, alhali kowane akwatin Leslie sai da ogan yake aiki, wanda ya so akwatin dole ya nemi ogan. Irin wannan muna ganinsa kullum a kasuwanninmu. Mai atamfa da telar da ke gefenta, mai gero da mai fura, mai sayar da waya da yaron da ke sayar da gidanta da caja, mai amalanke da maƙerin da ke ƙara mata ƙarfe, duk ɗaya yana jawo wa ɗaya ciniki. Idan kika ga masu saye suna ɗaukar kayanki suna kai wa wani ya ƙara musu wani abu, to suna gaya miki abin da kayan ya rasa ne. Ko ki koyi yin ƙarin da kanki, ko ki ƙulla amana da mai yin sa tun yana neman ki, kafin ya yi ƙarfin da sai kin neme shi.

Ba mu ce kowane gyara alheri ne ba. Ogan ɗin da aka yanke ba ya komawa yadda yake, kuma masu neman tsofaffin kaya sun fi daraja wanda ba a taɓa ba. A nan gida ma fiyano nawa ne ya ƙone saboda an jona masa adaftar da ba tasa ba? Hammond yana da gaskiya da ya tsare ingancin abin da ke ɗauke da sunansa, shi ya sa ogan ɗin da aka ƙera shekara 70 da suka wuce har yau ana kaɗa su. Inda ya kuskure shi ne da ya fifita kunnensa a kan na mai saye, shi da bai iya kiɗa ba. Ɗan kasuwa ya tsare ingancin kayansa, amma ya bar wa mai saye zancen ɗanɗano.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya haɗa mu da abokan ciniki na gari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba da tarihin wani.